An Gayyace Ka Babban Gidan Abinci a Ƙasar Sin? Tambayoyi da Amsoshi Kan Naman da Ba Ka Saba Ba

'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou saro kaya, musamman lokacin baje kolin Canton da ake yi sau biyu a shekara tun 1957, yawanci a unguwar Xiaobei suke cin abinci, inda shinkafa da naman rago ba sa wahalar samu. Amma idan ciniki ya yi nauyi, wata rana mai masana'anta zai aiko mota a ɗauke ka zuwa babban gidan abinci, a shigar da ku keɓantaccen ɗaki mai zagayayyen tebur, a fara jero abubuwan da ko a hoto ba ka taɓa gani ba. Ga tambayoyin da aka fi yi kafin wannan rana.

Wane irin nama zan tarar?

Ya danganta da gari da kuma aljihun mai gayyata. A Guangzhou da Shenzhen da Hong Kong kayan teku ne a gaba. Akwai abubuwa huɗu da Sinawa suka daɗe suna ɗauka a matsayin abincin manya: baoyu, wani dangin dodon koɗi na teku mai ɓawo ɗaya, haishen, wanda bayaninsa ke tafe, fiffiken kifin shak, da busasshiyar jakar iska da ake cirowa daga cikin kifi. Bayan su akwai gasasshiyar dinya, da ɗan shila da ake soyawa a kawo har da kansa, da kififiya a cikin romo, da ƙaguwa, da kwaɗo.

A Beijing gasasshiyar agwagwa ce abin alfahari, kuma gidan Quanjude tun 1864 yake gasa ta. A Sichuan zomo da kwaɗo ake nutsarwa cikin barkono. A Hebei jaki. Can arewa maso yamma kuwa, inda Musulmi suka fi yawa, rago ne da sa da raƙumi.

Mene ne haishen, kuma yaya yake a baki?

Wata halitta ce da ke kwance a ƙasan teku, doguwa mai kauri, wasu nau'o'in jikinsu duk tsiro-tsiro. Ba ta da ƙashi, ba ta da ɓawo. Mai tsada ita ce mai ƙayoyi da ake samu a gaɓar Liaoning da Shandong, musamman wajen Dalian. Idan an kamo ta sai a fasa cikin, a tafasa, a shanya har ta bushe ta ƙanƙance ta yi tauri ƙam. Kafin a dafa kuma sai an jiƙa ta kwanaki, ana canza ruwa ana tafasawa, har ta kumbura ta ninka girmanta. Masu girki suna kaffa-kaffa kada ko ɗigon mai ya taɓa ruwan jiƙon, don yana lalata ta.

A faranti za ka gan ta baƙi-baƙi tana sheƙi, an kwarara mata romo mai kauri. Idan ka taɓa ta da cokali sai ta yi rawa. A baki kuwa, duk wanda ya taɓa cin ganda da ta dahu luguf ya san hanyar, sai dai ita ta fi santsi, kuma ba ta da ɗanɗanon kanta ko kaɗan. Duk abin da harshenka ya ji, na romon ne. A Shandong da lawashin albasa mai kauri ake dafa ta, wasu gidajen kuma su sa ta cikin kunun wani ɗan ƙaramin gero mai ruwan ɗorawa.

To me ya sa ake zuba kuɗi a kan abin da ba shi da ɗanɗano?

Saboda a wurin Basine yadda abu yake a haƙori da harshe daraja ce mai zaman kanta: santsinsa, danƙonsa, ƙurus-ƙurus ɗinsa. Shi ya sa suke son jijiya da guringuntsi da ƙafar kaza fiye da tsokar ƙirji. Ga kuma imanin da suke da shi a likitancin gargajiyarsu cewa irin waɗannan abubuwa suna gina jiki. Na uku, wanda a teburin ciniki shi ne babba: tsadar ce saƙon. Wanda ya sa aka kawo maka haishen yana gaya maka matsayinka a wurinsa ne, kuma yana so sauran mutanen tebur su gani.

Gaskiya ne babu abin da ba sa ci, har kare da jemage?

An yi wa maganar gishiri. Ana cin kare a wasu yankuna, kuma garin Yulin na Guangxi ya yi ƙaurin suna a kai, amma akasarin Sinawa ba sa ci, kuma ba abincin da babban gida zai sa wa baƙo daga waje ba ne. Birnin Shenzhen ya haramta cin kare da kyanwa daga 1 ga Mayu 2020.

Naman daji kuwa doka ta hau kansa. A ranar 24 ga Fabrairu 2020, bayan ɓarkewar korona, zaunannen kwamitin majalisar dokokin ƙasar ya hana cin dabbobin daji na tudu, har da waɗanda ake kiwo a gona. A watan Mayu na shekarar aka fitar da jerin dabbobi 33 da aka amince a yi kiwonsu. Jaki da doki da raƙumi da zomo da tantabara suna ciki, kare ba ya ciki. Jimina da wasu nau'o'in barewa suna sashen dabbobi na musamman, tare da zabo, wanda mu a nan ba ma ɗauke shi baƙon nama ba. Kwaɗon kiwo da kififiyar kiwo sun tsira domin an lissafa su cikin dabbobin ruwa.

Ni Musulmi ne. Wannan haishen da 'yan uwanta sun halatta?

A mazhabar Malikiyya, wadda yawancin mutanen ƙasar Hausa suke bi, duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, kuma ba ya buƙatar yanka. Ke nan haishen da baoyu da ƙaguwa da jatan lande duk sun shiga. Hanafiyya sun taƙaita ga kifi, kuma da yake yawancin Musulmin Sin Hanafawa ne, kada ka yi mamaki idan tafintanka ɗan ƙabilar Hui, wato Sinawa Musulmi, ya janye hannu daga abin da kai kake ci.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne wannan: a gidan abincin da ba na Musulmi ba, kazar da ka sani ta fi wannan baƙuwar halitta matsala. Kaza da agwagwa da ɗan shila da naman sa duk suna buƙatar yanka, kuma babu wanda ya yanka su yadda shari'a ta ce. Sau da yawa mutum zai tsallake farantin kayan teku yana yamutsa fuska, ya kai hannu ga kaza don ita ce ya gane, alhali ita ce ya kamata ya tsallake.

Ke nan idan na tsaya ga kayan teku na tsira?

A'a, kuma nan ne gizo ke saƙa. Tunda haishen da baoyu da fiffiken shak da romo suke samun ɗanɗano, sai a tambaya, da me aka yi romon? A manyan gidajen girkin Guangdong akwai tukunyar romo da ake kira shangtang, ita ce uwar kicin. Tsohuwar kaza ake zubawa, da jan naman alade, da busasshiyar cinyar alade ta Jinhua, a bar su sa'o'i a kan wuta kaɗan-kaɗan, a tace. Romon zai fito garau, ba ka ganin ko ɗan yanki na nama, amma alade na ciki. Da shi ake dafa kayan tekun masu tsada, da shi kuma ake jiƙa ganye. Sai ka ga farantin alayyafo kore shar, ka ce ai wannan ba laifi, ashe a cikinsa ya yi wanka.

Na biyu giyar girki. Giyar shinkafa ta Shaoxing tana shiga girki da yawa don kashe ƙarni, musamman na kifi da nama. Akwai ma abincin da sunansa ya tona shi, irin su kaza ko jatan lande da ake kira "masu maye", waɗanda a cikin giya ake jiƙa su. Shahararriyar tukunyar nan ta Fuzhou, fotiaoqiang, wadda ake haɗa haishen da baoyu da jakar kifi da ƙwan salwa wuri ɗaya, da giyar Shaoxing da naman alade ake dafa ta. Tana cikin mafi tsada a takardar abinci, don haka tana cikin waɗanda mai son burge ka zai zaɓa.

Na uku kitsen alade. Yana shiga cikin ƙullin jatan lande da ake naɗewa da fulawa a turara, yana shiga ɓawon kayan zaƙi, wani lokaci har soyayyar shinkafa. Yajin nan mai mai da ake kira XO, wanda ya fito daga Hong Kong a shekarun 1980, busassun kayan teku ne da barkono, amma galibi da gutsattsarin cinyar alade a ciki. Soyayyen koren wake ma sau da yawa da niƙaƙƙen alade ake barbaɗa shi.

Abin da ya fi sauƙin tantancewa shi ne wanda aka dafa a fili: kifi sukutum da aka turara da citta da lawashi, jatan lande da aka tsoma a tafasasshen ruwa kawai, ƙaguwa turararriya, ganye da tafarnuwa a man gyaɗa, da farar shinkafa. Ko a nan ma ka ce kada a sa giya. Batun kasko ɗaya da ake soya komai a ciki kuwa, kowa ya san inda taƙawarsa ta tsaya, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, amsarsa tana tambayar gidajen abinci na halal da ke tafe.

Yaya zan gane abin da ke rubuce a takardar abinci?

Ka ajiye waɗannan a wayarka. 猪 alade ne, 猪油 kitsensa, 火腿 busasshiyar cinyarsa, 料酒 giyar girki. Idan ka ga 肉 shi kaɗai, wato nama, ba a faɗi na wace dabba ba, to na alade ne, haka al'adar take. 田鸡 manhajar fassara za ta ce maka kazar gona, amma kwaɗo ne. 牛蛙 shi ma kwaɗo ne, babba na kiwo. 驴 jaki. Sinawa suna son ba abinci sunaye na kirari, don haka fassarar waya kaɗai ba ta isa ba. Ka nuna wa ma'aikaciya alamar, ka tambaya.

Yaya zan ƙi abu ba tare da na ɓata wa mai gayyata rai ba?

Ka faɗa tun kafin ranar. Wannan ita ce dabarar gaba ɗaya. A irin wannan liyafa mai gida shi yake zaɓar abinci, sau da yawa tun kafin ku iso, kuma abubuwa masu tsada ba a tsakiyar tebur ake ajiye su ba, kowa da ɗan kwanonsa ake kawo masa. Ba inda za ka ɓuya. Idan ka bar naka ba ka taɓa ba, kowa ya gani, kuma mutumin ya riga ya biya. Amma idan tun ranar da aka gayyace ka ka aika saƙo cewa kai Musulmi ne, qingzhen kake ci, wato halal, to ka sauƙaƙa masa. Sinawa sun san kalmar, domin Musulunci ya fi shekara 1,000 a ƙasarsu, kuma masallacin Huaisheng da ke Guangzhou yana cikin mafi daɗewa a can. A ganina mai masana'antar da ke neman cinikinka zai fi jin daɗin ya sauya gidan abinci da ya ga kana juya cokali a kwano.

Giya ma haka. Za a yi ta ɗaga kofi ana gaisuwa. Ka ɗaga naka na shayi da hannu biyu. Suna da wannan al'ada ta shayi ya tsaya a madadin giya, ba baƙon abu ba ne. Abin da ke jawo matsi shi ne mutum ya yi ta noƙe-noƙe, ya ce ba yanzu ba, sai an jima.

Akwai manyan gidajen abinci na halal da zan ɗanɗana sabon abu hankali kwance?

Akwai, kuma wasu tsofaffi ne ƙwarai. Alamar da za ka nema ita ce 清真, wato qingzhen. Kada ka dogara da rubutun Larabci, domin a shekarun baya-bayan nan hukumomi sun sa an cire shi daga allunan shaguna da yawa, har a Beijing. A Beijing akwai Donglaishun, wanda wani Musulmi ɗan Hui ya kafa a 1903, inda ake yanka naman rago siriri kamar takarda ka tsoma da kanka a tukunyar tagulla mai garwashi a tsaka. Akwai Hongbinlou, wanda ya faro a Tianjin a 1853 ya koma Beijing a 1955, ya yi suna da wutsiyar sa. Unguwar Niujie kuwa ta Musulmi ce. A irin waɗannan wurare ne za ka ci gasasshiyar agwagwa da jijiyar sa da haishen ba tare da tunanin romo ba. Sai dai wasu gidajen qingzhen suna sayar da giya ga mai so, kada ganin kwalba ya ruɗe ka.

Naman jaki fa? An ce suna yabonsa sosai.

Suna yabonsa har da karin magana, cewa a sama naman dodo, a ƙasa naman jaki. A Baoding da Hejian na lardin Hebei cikin gurasa mai zafi ake cusa shi, a manyan gidaje kuma a yanka shi fale-fale a kawo da sanyinsa cikin farantan buɗe baki, ja-ja, mai sauƙin ɗauka a matsayin naman sa. Ga Musulmi maganar gajeriya ce: an hana cin jakin gida tun ranar Khaibara.

Akwai kuma ejiao, wani danƙo da ake dafawa daga fatar jaki, wanda gundumar Dong'e ta Shandong ta shahara da shi. Yana shiga romo da alewar riɗi da ake ba baƙo tsaraba. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Jakunan Sin sun ragu daga kusan miliyan 11 a farkon shekarun 1990 zuwa ƙasa da miliyan 3, sai masu sana'ar suka juyo Afirka neman fata, farashin jaki ya tashi a kasuwanni irin su Maigatari. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, kuma a Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka su don fata.

Kwaɗo da maciji?

Naman kwaɗo fari ne, mai laushi, da ƙananan ƙasusuwa da yawa. Malikiyya sun halatta na ruwa, sauran mazhabobi sun hana saboda hadisin da ya hana kashe shi. Wannan tambaya ce ta malaminka kafin ka hau jirgi.

Maciji ya ja baya a babban yankin Sin tun dokar 2020, amma a Hong Kong har yanzu ana shan miyarsa idan sanyi ya shigo. Ana yayyaga naman siriri, a haɗa da kaza da laimar kwaɗi, a barbaɗa yankakken ganyen lemo. Kusan kullum da ƙashin alade a romon, don haka ba sai an kai ga saɓanin malamai kan macijin kansa ba.

Miyar sheƙar tsuntsu da gaske sheƙa ce?

Da gaske. Wani ɗan tsuntsu mai kama da tsattsewa ne yake gina ta da yawunsa. Indonesiya ce kan gaba wajen samar da ita, sai Malesiya. Ana jiƙa ta, a tsince gashin da hantsaki, a dafa da sukari a kawo a ƙarshe. Idan mai gishiri ce aka kawo, a koma ga tambayar romo.

Akwai abin da zai iya cutar da ni?

Wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande ko ƙaguwa ya faɗa da babbar murya, don busasshen jatan lande yana shiga yaji da miya ba a gani. Ka guji ɗanyen kifin kogi da ake yankawa fale-fale a yankin Shunde, domin yana ɗauke da tsutsar da ke zama a hanta. Kwaɗo da maciji da ba su dahu sosai ba su ma suna da tasu tsutsar. Kada ka yarda a ba ka ɗanyar matsarmamar kifi ko ta maciji da sunan magani. Ta kifi tana iya lalata ƙoda. Kifin nan mai kumbura, mai dafi, tun 2016 aka yarda a sayar da nau'i biyu na kiwo ta hannun kamfanoni masu lasisi, amma ni dai ban ga abin da zai kai baƙo gare shi ba. Idan kuma a gidan girkin Sichuan ka ji leɓɓanka sun mutu suna zir-zir, ba guba ba ce, wani ɗan yaji ne nasu, zai sake ka.

Akwai abin da ya kamata in ƙi ko da ya halatta?

Fiffiken shak. Ana kama kifin, a yanke fiffiken, sau da yawa a jefar da shi cikin teku da ransa. Gwamnatin Sin da kanta ta hana sa shi a liyafar hukuma a 2013, kuma tsohon ɗan ƙwallon kwando Yao Ming ya daɗe yana yaƙi da cinsa, don haka idan ka ƙi ba wanda zai ga laifinka. Idan kuma wani ya raɗa maka cewa akwai naman daji na musamman da ba a rubuta ba, irin su dankunya, ka tashi daga maganar. Tun Yunin 2020 dabbar take a matakin kariya mafi girma a Sin, kuma cinta laifi ne da ke kai mutum kurkuku, baƙo ko ɗan gari.

Idan ni ne zan biya, me zan lura da shi?

Alamar 时价 tana nufin farashin yau, ba a rubuta ba, sai ka tambaya. Kayan teku masu rai da nauyi ake sayar da su: jin ɗaya giram 500 ne, liang ɗaya giram 50. Mutum zai ga lamba ya ɗauka kuɗin kifin ne gaba ɗaya, ashe na liang ɗaya ne. Ka sa a auna a gabanka a faɗi jimilla kafin a kai kicin. Za su kawo kifin cikin bokiti yana fal-fal don ka gani, wannan ne lokacin magana. A Guangdong ana cajin kuɗin shayi kan kowane mutum, manyan otal kuma suna ƙara kuɗin hidima. Ba a bar wa ma'aikaci tukwici a kan tebur.

In na sa abu a baki na kasa haɗiyewa fa?

Akwai ɗan faranti a gabanka na ƙashi da ɓawo, kuma ana canza shi a kai a kai. Kowa a teburin yana fitar da ƙashi daga baki, don haka ka kare da hankici ka ajiye, ka kurɓi shayi. Tun farko ka yanki kaɗan, ka haɗa da shinkafa. Haishen tana zillewa daga tsinken cin abinci har a hannun 'yan gari, shi ya sa gidaje da yawa suke kawo ta da wuƙa da cokali mai yatsu. Idan ba a kawo ba, ka nema. Tsinkayen kuma idan ka gama ka kwantar da su a mazauninsu, kada ka soke su tsaye cikin shinkafa, don haka suke kafa turaren tsinke wa mamatansu.